Morbi ko Rajkot: amsar tambayar Alhaji

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka ce an gaya maka Morbi da Rajkot duk tsoffin garuruwan sarakuna ne a Indiya da suka koma garuruwan masana'antu, kana son sanin bambancinsu, da kuma wanda mai neman kaya zai nufa. To bambancin yana da girma, kuma tun zamanin sarautar ya faro.

Duka biyun suna jihar Gujarat, a yankin Saurashtra, tsakaninsu kilomita 60 da 'yan kai. Sarakunansu ma dangi ɗaya ne, Jadeja, waɗanda tushensu yake Kutch. A zamanin Turawa, Ingila ba ta riƙe irin waɗannan ƙasashe da hannunta kai tsaye ba, sarki yana kan karagarsa, Bature yana gefe yana sa ido. Mu dai ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan tsari ba. Darajar sarki kuwa da yawan igwar da ake harba masa ake auna ta: na Morbi 11, na Rajkot 9. Wato a zaman fada Morbi ce gaba.

Sai dai Rajkot ce Turawa suka zaɓa ta zama mazaunin wakilinsu mai kula da sarakunan yankin baki ɗaya, kuma inda hukuma ta zauna nan hanya da makaranta da kasuwa suke taruwa. A 1870 aka buɗe Kwalejin Rajkumar a can don 'ya'yan sarakuna. Mahaifin Gandhi ya yi wa sarkin Rajkot waziri, shi kansa Gandhi a garin ya yi sakandare. Bayan 'yancin kai, daga 1948 zuwa 1956, Rajkot ce hedikwatar jihar Saurashtra. Ƙidayar 2011 ta nuna inda aka kwana: Rajkot ta haura mutum miliyan ɗaya, Morbi kuwa wajen dubu 200. Mai igwa 9 ta bar mai 11 a baya nesa.

Morbi ba ta samu wannan gata ba, abin da ta samu sarakuna ne masu son gini. Sarki Waghji, wanda ya rasu a 1922, shi ya shimfiɗa wa ƙasarsa layin dogo, ya kuma rataya gadar nan mai lilo a kan kogin Machchhu. Magajinsa Lakhdhirji ya ba da ɗaya daga cikin fadojinsa, aka mai da ita kwalejin injiniya a 1951. Kogin nan kuwa sau biyu yana sa garin kuka. Ranar 11 ga Agusta 1979 madatsar ruwan da ke sama da garin ta ɓalle, ruwa ya ci dubban mutane. Ranar 30 ga Oktoba 2022 gadar Waghji ta tsinke kwanaki kaɗan bayan an sake buɗe ta daga gyara, mutum aƙalla 135 suka mutu.

Yanzu maganar kaya. Morbi kusan sana'a ɗaya ta riƙe: ƙasa da wuta. Da tukwane da jan rufin ɗaki na yumɓu aka fara, aka zo tayil ɗin bango, daga baya aka shiga na daɓe mai ƙyalli kamar gilashi, da kwanon wanke hannu da masai na tangaran. Yau ɗaruruwan masana'antu ne jere a bakin manyan hanyoyin garin, kuma mafi yawan tayil ɗin da Indiya ke yi daga nan yake fitowa. Akwai agogon bango ma, kamfanin Ajanta ɗan garin ne, amma tayil ya danne komai.

Abin da ya kamata ka fahimta game da Morbi shi ne murhu. Murhun gasa tayil doguwar rumfa ce da takan haura mita 100, ɗanyen tayil yana shiga ta wannan baki a kan naɗaɗɗun sanduna masu juyawa, ya ratsa zafin da ya kai wajen digiri 1,200, ya fito gasasshe ta wancan. Ba a kashe shi da magariba a kunna da safe, dare da rana yake ci. Don haka kuɗin makamashi shi ne ran garin. A 2019 kotun kare muhalli ta Indiya ta hana masana'antun garin amfani da injinan da ke mai da kwal iskar gas saboda gurɓata ƙasa da ruwa, dole suka koma sayen gas. Tun daga nan, duk lokacin da farashin gas ya motsa, farashin katon ɗin tayil sai ya bi shi. A 2020 ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha suka ƙara wa tayil ɗin Indiya haraji, nan ma garin ya ji a jikinsa. Wanda ya zuba jarinsa duka a buhu ɗaya, ɓera ɗaya ya ishe shi.

Rajkot garin maƙera ne, kuma kayanta ka riga ka san su ko ba ka san sunan garin ba. Ka tuna injin niƙan nan na dizal mai manyan ƙafafu biyu na ƙarfe, da durom ɗin ruwa a gefe yana sanyaya shi, wanda ke buga tum-tum-tum tun daga bakin layi kana jin sa? Asalinsa na kamfanin Lister ne na Ingila, mutanen Rajkot suka kwaikwaye shi, suka yi ta ƙera shi har bayan masu shi sun daina. Daga nan suka bazu: injin ban-ruwa, sumo na rijiyar burtsatse, boris, kayan gyaran mota, injinan yanka da sassaƙa ƙarfe, kayan girki, har da ƙirar zinariya da azurfa. Idan kasuwar wannan ta kwanta, ta wancan tana tsaye. A ganina nan Rajkot ta fi Morbi ƙashin baya, ko da yake Morbi ta fi ta suna a sana'ar da ta riƙe.

Amma tsarin Rajkot yana da nasa tarkon. Yawancin aikin ƙananan shaguna ke yi: wannan ya yi zubin ƙarfe, wancan ya goge, na uku ya haɗa ya shafa koren fenti ya manna suna. Injuna biyu za su zo maka kamar tagwaye, ɗaya ya yi shekaru yana aiki, ɗayan ya fara shan mai kafin damina ta fita. Sai ka sa an kunna a gabanka, ka kuma tambayi inda aka yi zubin. A Morbi kuwa abin dubawa lambar gashi ce da ke jikin katon, wato mai nuna tayil ɗin da aka gasa tare, domin zane ɗaya daga gashi biyu yakan bambanta a launi, kuma ba za ka gane ba sai an shimfiɗa a falon mai gida.

Saboda haka idan tayil da kayan banɗaki kake so, Morbi. Idan inji ne da ƙarfe, Rajkot. Ko wanne ka zaɓa, ta Rajkot za ka bi, don nan filin jirgin sama yake, sabon ma an buɗe shi a 2023 a Hirasar. Kwantenarka kuma galibi ta tashar jiragen ruwa ta Mundra za ta fito.