Classic ko Draft: Wanne Ya Fi Dacewa da Abokai Takwas a Legas?

Wani ɗan'uwa daga Agege ya yi tambaya a zaurenmu cewa shi da abokansa bakwai, waɗanda suke haɗuwa a gidan kallo ɗaya duk ƙarshen mako, suna so su buɗe gasarsu ta kansu a Fantasy Premier League, wato wasan intanet da mutum yake haɗa tawaga daga 'yan wasan Firimiya yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili, amma sun kasa tsayar da magana tsakanin tsarin Classic da kowa ya sani da kuma tsarin Draft. Ɗan'uwa, shawarata ita ce ku yi Draft, amma da sharaɗin da zan ambata a gaba, domin idan ba ku cika shi ba gara ku zauna a kan Classic.

Abin da ya haɗa tsarin biyu ba shi da wuyar fahimta. A kowanne za ka tara 'yan wasa 15 daga ƙungiyoyin Firimiya 20: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, da 'yan gaba 3, sannan ka fitar da 11 a kowane mako cikin makonni 38 na kaka. Hanyar samun maki ma ɗaya ce. Ɗan gaba idan ya ci ƙwallo yana kawo maka maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya ba da aka ci kuma 3, sannan katin gargaɗi yana rage 1, jan kati ya rage 3. Dukansu kyauta ne a manhajar Premier League.

Inda suka rabu shi ne yadda ake mallakar ɗan wasa. A Classic ana ba kowa fam miliyan 100 na wasa, kowane ɗan wasa yana da farashinsa, kuma ba za ka ɗauki fiye da mutum uku daga ƙungiya ɗaya ba. Sai dai ɗan wasan da ka saya bai fita daga kasuwa ba, domin ku takwas ɗin nan kowannenku zai iya sayen mutum ɗaya ya kuma ba shi kyaftin don makinsa ya ninku. Wannan ne ya sa a kakar 2022/23, lokacin da Erling Haaland ya ci ƙwallo 36 a gasar, kusan duk wanda ka leƙa tawagarsa sai ka same shi a ciki. Haka aka yi da Mohamed Salah a 2024/25, inda ya ci 29, ya ba da 18 aka ci, ya tara maki 344. Idan kowa a gasarku yana da shi, to ƙwallon da ya ci ba ta ɗaga kowa sama da kowa ba, kuma ana iya shafe watanni tawagoginku suna kama da juna saboda kowa yana kwaikwayon na kan gaba.

Draft, wanda aka fara a kakar 2017/18, ya kawar da wannan matsala daga tushe. Babu kuɗi, babu farashi, babu kyaftin, babu katunan gata irin su Wildcard da Bench Boost, kuma babu iyakar mutum uku daga ƙungiya ɗaya. Ana zaɓe ne bi da bi, kamar yadda ake raba 'yan wasa a filin unguwa kafin a take leda: wanda wani ya kira ya zama nasa, sai dai ka nemi wani. Ke nan a gasarku mutum ɗaya ne kaɗai zai mallaki babban mai cin ƙwallo, kuma duk ranar da ya zura ƙwallo a gidan kallo, mutum ɗaya ne zai miƙe yana murna, sauran bakwai suna duba waya suna lissafin abin da ya same su. A ganina wannan shi ne daɗin yin wasan da mutanen da ka sani ido da ido.

Za ka iya cewa ai wanda ya fara zaɓe ya gama da kowa. Ba haka ba ne, domin layin yana juyawa a kowane zagaye. Idan ku takwas ne, wanda ƙuri'a ta ba shi na farko zai ɗauki ɗan wasa na 1, amma ba zai sake samun dama ba sai a na 16 da na 17, alhali wanda ya zo ƙarshe zai ɗauki na 8 da na 9 a jere. Wanda ya samu tsakiya kuma ba ya daɗewa yana jira. Ni ina ganin kujerar ƙarshe ba abar ƙi ba ce ko kaɗan, saboda manya biyu a jere sukan fi babba ɗaya da dogon jira.

Yawanku ma ya yi daidai. Gasar Draft tana ɗaukar mutum 2 zuwa 16, amma lissafi yana nuna inda abin yake fara ƙunci. Mutum takwas za su kwashe 'yan wasa 120, ciki har da masu tsaron gida 16 da 'yan gaba 24. Tun a nan 'yan gaba sun yi ƙaranci, domin yawancin ƙungiyoyi mutum ɗaya suke sawa a gaba, kuma da yawa daga cikin masu kai hari ta gefe wasan yana lissafa su a 'yan tsakiya ne. Idan kuka haura mutum goma, ana buƙatar masu tsaron gida fiye da 20, wato dole wani ya ɗauki wanda ba ya tashi daga benci. Saboda haka kada ku bari kunya ta sa ku ƙara duk wanda ya roƙa. Ku kuma lura cewa ɗan gaba mai bugawa kullum ya cancanci a ɗauke shi da wuri, mai tsaron gida kuwa yana iya jira zuwa zagayen baya.

Babban bambanci na biyu shi ne sauya 'yan wasa. A Classic kana da sauyi ɗaya kyauta a mako, kana iya tara su har biyar, kuma duk wanda ka ƙara a kan haka za a cire maka maki 4. A Draft ba a cire maki, amma ba ka da ikon ɗaukar kowa sai wanda ba shi da mai shi. Za ka shigar da buƙata, a tantance ta sa'o'i 24 kafin a rufe makon, wato lokacin da ake daina karɓar sauyi a tawaga, kuma wanda yake ƙasan teburi shi ake fara ba wa abin da ya nema. Bayan an gama wannan rabo, ragowar 'yan wasan na wanda ya riga ne. Wannan tsari yana hana na baya yanke ƙauna. Ka tuna Cole Palmer, wanda yake bencin Manchester City lokacin da aka yi zaɓe a watan Agustan 2023, ya koma Chelsea ranar 1 ga Satumba, ya ƙare kakar da ƙwallo 22. A Classic kowa ya saye shi da ya ga ya fara ci, a Draft kuwa mutum ɗaya ne a kowace gasa ya ci moriyarsa, wanda ya riga saura lura.

Haka nan gasar cin kofin Afirka tana da nauyi daban a tsarin biyu. Idan Alex Iwobi ko Calvin Bassey ko Ola Aina suka tafi buga wa Super Eagles a tsakiyar kaka, mai Classic zai sayar ya sake saye idan sun dawo. Mai Draft idan ya saki ɗan wasansa, abokinsa zai iya ɗauke shi har ƙarshen kaka, don haka sai ya zaɓa tsakanin ajiye shi a benci na makonni da rasa shi gaba ɗaya.

Sharaɗin da na ambata shi ne kowa ya halarci ranar zaɓe, kuma kowa ya ci gaba da kula da tawagarsa. Classic tana yafe wa mai sakaci, domin idan mutum ɗaya ya watsar da tasa, shi kaɗai ya cutu. A Draft wanda ya watsar ya riƙe manyan 'yan wasa a hannunsa, kuma idan tsarin karawar mutum da mutum kuke yi, inda nasara take da maki 3, kunnen doki 1, duk wanda ya haɗu da shi ya samu maki a ɓagas. A Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda wani yana kasuwar Mile 12 tun asuba, wani yana Idi-Araba, wani kuma cunkoso zai riƙe shi a hanyar Apapa. Ku sa zaɓen ranar Lahadi bayan la'asar, ku zauna wuri ɗaya idan zai yiwu, kowa ya cika cajin wayarsa ya tanadi data. Kowane zaɓe yana da ƙayyadadden lokaci, kuma idan sabis ya yanke lokacin ya wuce, manhaja ce za ta zaɓar maka. Maganin wannan shi ne kowa ya jera 'yan wasan da yake so a jerin sa-ido tun kafin ranar, domin daga nan take fara ɗauka.

Ku kula da agogo kuma. Ana rufe mako minti 90 kafin wasan farko, don haka idan wasan Asabar na 12:30 ne a Ingila, rufewa ƙarfe 11:00 ce a Legas a farkon kaka, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris sai ta koma 12:00, saboda su suna mayar da agogonsu baya, mu ba ma yi. Buƙatun Draft kuwa a irin wannan mako ranar Juma'a ake tantance su kafin a tafi masallaci, saboda haka daren Alhamis ne lokacin shigar da su.

Abu biyu nake roƙon ku daidaita tun kafin ku fara. Na farko, kada ku ce kowa ya zuba kuɗi wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, domin wannan ya zama caca, kuma yana ɓata zumunci. Na biyu shi ne musayar 'yan wasa tsakanin mutum biyu, wadda Draft ta yarda da ita, Classic kuwa ba ta da ita. Ku kunna ta, amma ku zaɓi tsarin da sauran 'yan gasar za su iya ƙin amincewa da musayar da ba ta yi adalci ba, don kada wanda ya fid da rai ya miƙa wa amininsa manyan 'yan wasansa a watan Afrilu. Sauran jama'ar gidan kallon da suke son shiga kuma, ku buɗe musu gasar Classic daban, tunda ita tana ɗaukar mutane da yawa kuma mutum yana iya buga duka biyun da rajista ɗaya.