Shagon Taimakon Masu Bincike a Gwallameji: Gwaninta a Tambayoyi, Sakaci a Zaɓen Samfur

A cikin jerin shagunan buga takardu da ke Gwallameji a Bauchi akwai wani da ya bambanta da maƙwabtansa, domin bayan bugawa da ɗaure kundi, yana karɓar aikin tsara takardar tambayoyi, da tura masu tattara bayanai cikin unguwanni, da lissafa sakamako ga ɗaliban da ke rubuta furojet da kuma ƙananan ƙungiyoyi. Aikin da na ba su ya shafi yadda magidanta a cikin gari ke samun ruwan sha a lokacin bazara, kuma ra'ayina shi ne sun cancanci kuɗinsu, sai dai akwai wuri guda da bai kamata mai bincike ya sakar musu ragama ba.

Gwanintarsu ta fi fitowa wajen gyaran tambayoyi. Matashin da ke kula da wannan ɓangare ya tsaya a kan tambayar da ke cewa, “Shin ruwan famfo yana zuwa kullum kuma yana da tsabta?” ya ce, “Malam, idan yana zuwa kullum amma da laka, me mutum zai amsa?” Nan take ya raba ta gida biyu. Haka kuma ya cire tambayar nawa gida ke kashewa kan ruwa a wata, wadda ba wanda ke riƙe lissafinta a kai, ya maye gurbinta da jarka nawa aka saya jiya daga hannun 'yan garuwa, da nawa aka biya kowace. Ma'aunin matakai biyar, daga “na yarda ƙwarai” zuwa “ban yarda ba sam”, da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, wanda ɗalibai ke cusawa a kowane shafi ko ya dace ko bai dace ba, bai bar shi ba sai a inda ake neman ra'ayi. Daga nan suka ɗora komai a manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki a waya ko babu intanet, tana kuma iya adana wuri da lokacin da aka cike kowace takarda, abin da ke toshe ƙofar tsohuwar dabarar nan ta zama a gindin bishiya a cike takardu hamsin da hannu ɗaya.

Matsalar ta taso ne da aka zo maganar samfur, wato su wa za a tambaya a madadin sauran jama'a. Kafin in gama bayani an riga an ɗauko dabarar lissafi ta Taro Yamane ta 1967 an ce mutum 400 ake bukata. Lissafin daidai yake, amma duk wanda ya gwada shi ya san cewa idan aka yarda sakamako ya kauce wa gaskiya da kashi 5 cikin ɗari, al'umma mai mutum 10,000 tana ba da 385, mai miliyan guda kuma tana ba da kusan 400, don haka adadin ba shi ne abin wahala ba. Abin wahalar shi ne inda za a samo mutanen. Shawararsu ita ce a tsaya a bakin Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal a tari masu wucewa, sannan a rubuta a babi na uku, inda ake bayyana hanyar bincike, cewa an zaɓe su ta hanyar ƙuri'a. Wanda ke bakin kasuwa da hantsi galibi namiji ne mai sana'a, alhali matan gida da yara su ne suka san ranar da famfo ya ɗauke da tsawon layin rijiyar burtsatse. Yawan amsoshi ba ya gyara irin wannan karkata. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai ci, sai Franklin Roosevelt ya yi masa kayen da ba a manta ba, yayin da mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup, da samfur ɗan kaɗan idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai yi nasara.

Da na dage, sun amince aka bi mataki-mataki: aka jera unguwanni aka ja ƙuri'a, aka nemi izinin mai unguwa, aka ƙirga gidaje da ƙafa tunda ƙidayar jama'a ta ƙarshe ta 2006 ce kuma unguwannin bayan gari da yawa sun bunƙasa ne bayanta, aka riƙa shiga kowane gida na goma, inda kuma gidan haya ne mai iyalai da yawa aka sake jan ƙuri'a. Farashi ya ƙaru sosai, kuma ban ga laifinsu ba, domin yawon rana a watan Afrilu ba aikin banza ba ne. A nan wata fa'idarsu ta bayyana, wato suna da mata masu tattara bayanai waɗanda ke shiga gidajen da aka rubuta “ba shiga” a zaure, kuma daga wurinsu amsoshin da suka fi ma'ana suka fito.

Aikin lura da ido bai gamsar da ni ba. An tura yaro ɗaya bakin burtsatse bayan rana ta ɗaga, lokacin da cunkoson asuba ya watse, ya tsaya yana ɗaukar hotuna har mutane suka fara gyara layi saboda shi. Ba a ba shi takardar da ta fayyace abin da zai ƙirga da lokutan da zai koma ba, sai da na rubuta ta da kaina.

Lissafin da suka yi da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, tsaf yake, kuma sun miƙa mini ainihin bayanan da aka tattara ba tare da gardama ba, wanda ba kowane shago ke yarda da shi ba. Ɗalibin da zai je wurinsu ya fara zama da malamin da ke duba aikinsa su tsayar da hanyar zaɓen samfur, ya sa a rubuta ta cikin yarjejeniya kafin ya biya kafin alƙalami, ya kuma bi masu tattara bayanan a ranar farko ya ga gidan da suka fara ƙwanƙwasawa.