Ziyarar Alhambra a Garnaɗa: Tikiti, Hanya, da Tarihin da Ba a Faɗa a Bakin Ƙofa

Garnaɗa, wadda Turawa ke kira Granada, ita ce daular Musulmi ta ƙarshe da ta faɗi a ƙasar Sifaniya, ranar 2 ga Janairu 1492. Fadar sarakunanta, Alhambra, tana nan bisa tudunta, kuma hukumar da ke riƙe da ita, Patronato de la Alhambra y Generalife, ta tsara ziyarar da tsauri: tikiti mai suna, lokaci ƙayyadadde, ba sani ba sabo. Wurin ya ci kuɗinsa har da ƙari. Sai dai tsarin ba ya yafe kuskure, kuma bayanin da baƙo ke samu ya fi ƙarfi a kan ado, ya yi rauni a kan yaƙin da ya kori masu adon.

A tikiti mutane suka fi yin asara. Iri-iri ne, kuma wanda ake nema shi ne Alhambra General, mai kuɗi a kusa da Yuro 20. Shi ya haɗa wurare uku: fadojin Banu Nasr (gidan sarautar Garnaɗa), ganuwar Alcazaba, da lambunan Generalife. Akwai wani mai araha na lambuna da ganuwa kawai, babu fadoji a cikinsa. Wanda ya yi garaje ya saye shi ya je Garnaɗa bai ga zuciyar Alhambra ba. A saya a shafin hukumar da kanta. Shafukan 'yan kayi-nayi sukan fito a sama idan an yi bincike a intanet, su ɗora riba mai kauri a kan tikiti ɗaya tak. A watannin Afrilu, Mayu da lokacin zafi a saya makonni kafin tafiya, don zuwa bakin ƙofa da fatan samu caca ce. Ana rubuta suna da lambar fasfo a jikin tikitin, kuma ana duba fasfon na ainihi, saboda haka kada a bar shi a otal. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya biya, amma shi ma sai an fitar masa da nasa tikitin.

Lokacin da aka buga a tikitin na shiga fadojin Banu Nasr ne kaɗai, ba na shiga harabar gaba ɗaya ba. Nan ne tarkon yake. Daga babbar mashiga, inda ake ajiye motoci, zuwa ƙofar fadojin tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa. Mutum zai iso mashiga daidai lokacinsa yana ganin ya cika alkawari, kafin ya kai layi an wuce shi, kuma ma'aikatan ba sa sauraron roƙo. A kasance cikin haraba awa ɗaya kafin lokaci. Ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe 8:00 na dare daga Afrilu zuwa tsakiyar Oktoba, sauran watanni kuma 6:00 na yamma. Awa uku ita ce mafi ƙaranci; mai karanta Larabci zai so huɗu ko biyar.

Ƙananan motocin bas masu lamba C30 da C32 suna hawa daga tsakiyar gari. Amma mai tikiti a hannu da ƙafa lafiya ya fi dacewa ya hau ta Cuesta de Gomérez daga dandalin Plaza Nueva, ya shiga ta Ƙofar Shari'a, Puerta de la Justicia. Ta fi kusa da fadojin, kuma darasi ce ita kanta. Sarkin Garnaɗa Yusuf na I ya gina ta a 1348. A saman bakanta na waje an sassaƙa tafin hannu, a na ciki mabuɗi, sannan bisa mabuɗin akwai gurbi da mutum-mutumin Maryama wanda Kiristoci suka ɗora bayan sun ci garin. Hanyar cikinta ba miƙaƙƙiya ba ce, tana karyawa tana sake karyawa, don kada mahaya su kutso a guje.

Wanda bai riƙe tarihin a kai ba zai ga filasta da tayil ne kawai. Bayan an karya rundunar Muwahhidun, masu mulkin yankin Musulmi na Sifaniya a lokacin, a Las Navas de Tolosa a 1212, biranen Musulmi suka riƙa zubewa: Ƙurɗuba (Córdoba) a 1236, Ishbiliya (Sevilla) a 1248. Muhammad ɗan al-Ahmar, wanda ya kafa gidan Banu Nasr ya shiga Garnaɗa a 1238, ya tsira ne ta hanyar yin mubaya'a ga Ferdinand na III, sarkin daular Kiristoci ta Kastila, a 1246 da biyan haraji, har mayaƙansa suka taimaka wajen kewaye Ishbiliya. Wannan ba abin daɗin ji ba ne, amma shi ya sayi wa daular shekara kusan 250. Da wannan a zuciya ake karanta taken gidan, "Wa la galiba illallah", babu mai rinjaye sai Allah, wanda aka maimaita a bango har ba ya ƙirguwa.

A cikin fadojin hanya ɗaya ce, ba a komawa baya, kuma shiga ɗaya ake yi. Kada a ɓata lokaci a ɗakin farko, Mexuar, wanda gyare-gyaren baya suka sauya masa kama. A adana haƙuri don Zauren Jakadu a fadar Comares ta Yusuf na I. Rufinsa katako ne guntu-guntu sama da 8,000, an jera shi hawa-hawa yana nuna sammai bakwai, kuma a ƙarƙashinsa an zagaye ɗakin da Suratul Mulk. Duk wanda ya yi makarantar allo zai iya bin ta da ido, ya ga yadda aya ta uku, mai maganar sammai bakwai a kan juna, ta zama tsarin ginin kansa. Allunan bayani ba sa tsayawa a kan wannan yadda ya kamata, kuma 'yan rakiya da yawa ba sa karanta rubutun da suke nunawa.

Daga nan sai Farfajiyar Zakuna ta Muhammad na V: ginshiƙan marmara 124, zakuna 12 ɗauke da kwanon ruwa, da baitocin Ibn Zamrak a bakin kwanon. Kyanta ba ƙarya ba ne, amma nan cunkoso ya fi muni, kowa na neman hoto. Tikitin farkon safiya ko na ƙarshen yini ne maganinsa. A Zauren Abencerrajes za a nuna jan tabo a kwanon ruwa a ce jinin manyan da aka yanka ne. Labarin baka ne, a ji shi a haka.

Alcazaba ce wurin da ya kamata a yi bayanin yaƙin, kuma nan giɓin ya fi fitowa. Daga saman hasumiyar Torre de la Vela ana hango filin da ke yamma, wajen Santa Fe, garin da sarakunan Kiristoci Ferdinand na Aragon da Isabella ta Kastila suka gina a 1491 ya zama sansanin kewaye. Yaƙin ya ci shekara 10, daga kama Alhama a 1482. Fafaroma ya ba shi matsayin yaƙin Salibiyya, abin da ya buɗe ƙofar kuɗin coci da mayaƙa daga wajen ƙasar. Manyan bindigogin igwa suka rushe ganuwar da a da kan jure watanni: Ronda a 1485, Malaga a 1487 inda aka bautar da mafi yawan mutanenta, sannan Baza da Almeriya suka miƙa wuya a 1489. Gida kuma ya riga ya tsage. Sarki Abul Hasan, ƙanensa al-Zagal da Abu Abdullahi ɗan Abul Hasan, wanda Turawa ke kira Boabdil, suna yaƙar juna; da Kiristoci suka kama Abu Abdullahi a Lucena a 1483, sai suka sake shi da sharuɗɗa don rikicin ya ci gaba. Yarjejeniyar miƙa garin ta Nuwamba 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin addininsu, masallatansu da alƙalansu. A 1499 babban limamin coci Cisneros ya fara tilasta baftisma da ƙona littattafan Larabci, zuwa 1502 an haramta Musulunci a Kastila, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu, Moriskawa. Yahudawa tun Maris 1492 aka sa hannu kan dokar korarsu. Kaɗan daga wannan baƙo zai tarar a rubuce a kan hanyarsa.

Fadar sarkin Sifaniya Charles na V, da aka fara a 1527, da cocin Santa Maria da ke zaune a gurbin masallacin fada, ba sa buƙatar tikiti. Gidan kayan tarihi da ke ƙasan fadar Charles ya cancanci rabin awa. Generalife a bar shi ƙarshe. A lura da magudanar da ke ratsa lambun, ruwan kogin Darro ne da aka janyo daga kimanin kilomita 6 tun zamanin Ibn al-Ahmar.

Garin ba baƙo ba ne ga malamanmu. Ibn Asim, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalan ƙasar Hausa ke komawa gare ta har yau, alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu a 1426.

A sa takalmi mai riƙe ƙasa, don duwatsun hanyar suna santsi. Babbar jaka ba ta shiga fadoji, sai an ajiye ta. Abincin cikin haraba ba shi da yawa, kuma naman alade ya cika abincin Sifaniya, don haka a sauko titin Elvira ko Calderería Nueva inda ake samun na halal. Don salla, a haura unguwar Albaicín zuwa masallacin da aka buɗe a 2003, dab da dandalin San Nicolás. Lambunsa yana fuskantar Alhambra kai tsaye, kuma gab da magariba ne jan bangon yake nuna dalilin da ya sa aka kira ta al-Hamra'u.