Masaukin masu aikin mishan na sa kai a Agege: inda ya yi ƙoƙari da inda ya gaza

Ikilisiyarmu ta masu jin Hausa a Agege ta karɓi wata ma'aikaciyar jinya daga yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wadda ta zo aikin mishan na sa kai, muka sauke ta a wani masauki da ke riƙe irin waɗannan baƙi a makonninsu na farko. Da yake ina cikin dattawan da aka ɗora wa nauyin kula da ita, na ga yadda gidan yake gudana, kuma ina ganin ya dace ikilisiyoyin da ke shirin karɓar baƙi su sani.

Ɗakunan suna da tsabta, ruwan burtsatse ba ya yankewa, ana kuma tayar da janareta da dare idan an ɗauke wuta. Kowane gado yana da gidan sauro, kuma tun ranar farko ake nuna wa baƙo inda zai je gwajin jini idan ya ji zazzaɓi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san tarihi, domin a nan Legas ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disambar 1893 da niyyar kai bishara cikin yankin kudu da Sahara da ake kira Sudan a wancan lokaci, kafin shekara ta 1894 ta ƙare kuwa ciwo ya kashe biyun farko, Bingham kaɗai ya koma gida. Wanda ya taso a busasshiyar iskar Maraɗi yana shan wahalar zafin Legas mai gumi, da sauron damina da ba ya ɗaga ƙafa.

Amma darajar gidan tana wurin matar da ke kula da shi, wadda kowa ke kira Mama. Ba ta tara baƙi a falo ta yi musu lacca, fita take yi da su. Ita ta koya wa baƙuwarmu yadda ake gane inda danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ya nufa daga ihun kwandasta, da dalilin riƙe ƙananan kuɗi don kada a yi rigimar canji, da yadda ake zuba kuɗi a katin Cowry don hawan manyan bas na BRT da jirgin ƙasan Red Line da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo. Ta bayyana mata cewa tun 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, saboda haka sai a fita da wuri a yi lissafi da gosulo. Ta kai ta kasuwar Mile 12, inda tumatir da albasa da tattasai ke sauka daga Arewa, baƙuwar ta ji Hausa ta ko'ina har hankalinta ya kwanta. Ta koya mata gaisuwar safe da ta yamma da Yarbanci, ta kuma ja hankalinta cewa yawancin Hausawan unguwar Musulmi ne, don haka a kiyaye lokutan salla da na azumi wajen kai ziyara gidaje. "'Yata, fara da gaisuwa, sauran zai biyo baya," in ji ta, kuma na ga amfanin hakan da idona.

Abinci ya fi karkata ga amala da eba da miya mai yawan manja, amma ana barin baƙo ya shiga madafa ya tuƙa tuwonsa.

Inda gidan ya gaza shi ne ɗaukar da ya yi cewa duk mai jin Hausa ɗan gida ne. Baƙuwarmu da Faransanci ta yi karatu, amma takardun gidan da dokokinsa duk da Turanci suke, ga kuma Turancin buroka da ake yi a titi, wanda babu wanda ya zauna ya koya mata. Ba a faɗa mana tun da wuri cewa rajistar layin waya tana buƙatar takardun shaida ba, sai ta daɗe tana aron waya kafin ta ji muryar iyayenta, abin da ya ƙara mata kewar gida ƙwarai. Mafi nauyi, babu wanda ya tuna mana cewa ma'aikaciyar jinya daga wata ƙasa tana buƙatar rajista da majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya kafin ta taɓa majinyaci, don haka ta fara da koyar da tsabta a zumuntar mata har lokacin da za a kammala. Gidan da ya ce aikinsa ke nan bai kamata ya bar baƙi su gano waɗannan bayan sun iso ba, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda ya sa ya wajaba a tuntuɓi hukumar shige da fice a kan takardun zama.

Zan sake sauke baƙo a can, amma sai na fara kammala maganar takardu, na kuma samo mai jin Faransanci daga cikin ikilisiya da zai riƙa raka shi.