Oksimita ta yatsa: abin da ta yi mana a lokacin korona, da inda take yaudarar mutum

Na'urar da nake magana a kanta ita ce wadda ake maƙala wa mutum a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa. Ma'aikatan lafiya suna ce mata oksimita. Da kaɗan ta fi kwalin ashana girma, ƙananan batura biyu take ci, maɓalli ɗaya ne tak a jikinta. Na sayi tawa ba da jimawa ba bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris 2020, kuma har yau tana aiki. Abin da zan faɗa ya shafi yawancin irinta da ake sayarwa don amfanin gida.

Aikinta ba wani surkulle ba ne. Haske iri biyu take ratsa yatsa da su, ɗaya ja, ɗaya infirared wanda ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye infirared, wanda ya rasa kuma ya fi shanye jan, to daga wannan bambanci take fitar da lissafinta. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, ya kuma rasu a watan Afrilun 2020, daidai lokacin da duniya ke rububin abin da ya ƙirƙira.

Wanda ya ga waɗancan watanni ya san yadda tsoro ya cika gidaje. Mutum ya yi tari sau ɗaya, sai kowa ya zuba masa ido. Alhali tun a Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Sin ta fitar da bayani kan mutum fiye da dubu 44 da aka tabbatar sun kamu: kashi 81 cikin ɗari ciwonsu bai yi tsanani ba, kashi 14 ya yi tsanani, kashi 5 suka kai gargara. Na san wannan lissafi, amma bai hana ni kwana a zaune ba lokacin da zazzaɓi ya kwantar da matata. Abin da ya sa na iya runtsawa shi ne ganin na'urar tana nuna oksijin ɗinta kashi 97 cikin ɗari, wani lokaci 98, safe da yamma, lambar ba ta sauka. Jikinta na ciwo, ba ta jin ƙamshi, amma huhunta na aiki. Daga nan na daina bin kowane saƙon tashin hankali da ke yawo a waya, na koma ga ba ta ruwa da magani da lura da numfashinta.

Ɗaya fuskar ta fi wannan muhimmanci. Korona kan rage wa wasu oksijin ba tare da sun ji sarƙewar numfashi ba. Mutum yana zaune yana hira, jininsa kuwa ya yi ƙasa sosai.

Da gidanmu ya samu sauƙi, sai na'urar ta shiga zagayen maƙwabta. In goge ta da sinadarin tsaftace hannu, in sa a leda, in rataye a ƙofar wanda ya killace kansa, sannan in kira shi a waya mu karanta tare, ina rubutawa. Akwai wani dattijo da ke zaune shi kaɗai, 'ya'yansa suna nesa. Na ce masa, “Baba, me ta nuna?” Ya ce, “Ɗana, 91 ta ce, amma ni lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai.” Na roƙe shi ya murza hannayensa su yi ɗumi, ya zauna shiru, ya sake gwadawa a wani yatsan. Ta nuna 90. A ranar aka kai shi asibiti, aka sa masa oksijin, daga baya ya dawo gida da ƙafarsa. Ni ba likita ba ne, kuma na'urar ba ta warkar da kowa. Abin da ta ba ni shi ne hujjar da zan matsa wa babban mutum lamba ya tafi asibiti alhali yana rantsuwa cewa ba ya jin komai.

Yanzu ga aibinta, kuma babba ne ga mai baƙar fata irina. A Disamban 2020 masu bincike daga Jami'ar Michigan ta Amurka suka kwatanta abin da oksimita ke nunawa da ainihin gwajin jini. A cikin marasa lafiyar da na'urar ta nuna musu tsakanin 92 da 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen fata oksijin ɗinsu na haƙiƙa bai kai 88 ba. A fararen fata abin bai kai kashi 4 ba. Wato takan ƙara wa mai duhun fata maki, ta ce yana lafiya alhali yana cikin haɗari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a Fabrairun 2021. Takardar da ta zo cikin kwalin tawa ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba game da launin fata, kuma wannan yana ɓata mini rai har yanzu, domin rai ake magana.

Saboda haka ba na sakin jiki da lambar da ke kan gaɓa. Mai lafiya yawanci 95 zuwa sama yake nunawa. Shawarar da hukumar lafiya ta Ingila ta bai wa masu jinyar korona a gida ita ce: 93 ko 94, a tuntuɓi likita, 92 zuwa ƙasa, a nemi agajin gaggawa. Ni na fi duba inda lambar ta dosa. Wanda jiya yake 98, yau 95, da yamma 94, ya fi tayar mini da hankali a kan wanda kullum yake 95. Idan kuma mutum ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓensa ya sauya launi, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ya fara ruɗewa, to ko me na'urar ta nuna, asibiti za a nufa. Masu tsohon ciwon huhu kuwa nasu ma'aunin daban ne, likitansu ne zai faɗa musu.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Yatsa mai sanyi, jan farce, motsi, hasken rana kai tsaye, duk suna rikita ta. Ta manya ba ta zama daidai a yatsan ƙaramin yaro. Murfin batirin tawa ya saki da wuri. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne lambobi biyu da take nunawa kusa da juna da ƙananan rubutu, ta oksijin da ta bugun zuciya. Wata maƙwabciyarmu ta kira ni cikin dare tana kuka wai mijinta ya sauka 78, ashe bugun zuciyarsa take karantawa. Tun daga ranar, kafin in ba kowa aro sai na nuna masa wacce ce wacce.

Duk da haka ina ba da shawarar a mallake ta, kuma guda ɗaya ta ishi gidaje da yawa idan ana tsaftace ta. Mai saye ya zaɓi wadda ke nuna layin bugun jini yana hawa yana sauka, domin shi ke nuna ta kama yatsan da kyau. Ya gwada ta a nan take, ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya ya ga ko sun yi daidai. Sannan kowa a gida ya auna kansa tun yana da lafiya a rubuta, don a san daga inda aka tashi ranar da ciwo ya zo.