Kwalekwalen ceto na mutum shida da muka saya a Las Palmas: abin da na yaba da abin da ya dame ni

Mun sayi wannan kwalekwalen ceto, wato na roba mai hura kansa da iska wanda ake shiga idan jirgi zai nutse, a wani shagon kayan jiragen ruwa da ke bakin tashar Las Palmas, a tsibirin Gran Canaria, makonni kaɗan kafin mu tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia da ke yankin Caribbean a jirginmu mai tsawon mita 12 da ke tafiya da ƙarfin iska. Tafiya ce ta kusan mil 2,700 na teku, kuma masu shirya ayarin jiragen da ke tsallaka Atlantika tare mai suna ARC, wanda ke tashi daga wannan tasha duk watan Nuwamba tun 1986, ba sa barin jirgi ya bi su sai sun duba kwalekwalensa da takardunsa. Wanda muka gada daga tsohon mai jirgin na yawon gaɓa ne, don haka dole muka nemi sabo.

Kamfanonin da ake yawan gani a irin waɗannan shaguna sun haɗa da Viking na Denmark, da Plastimo na Faransa, da Ocean Safety na Ingila, amma ni a ganina abin da aka buga a jikin akwatin ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Ma'aunin ingancin kwalekwalen ceto na ƙasa da ƙasa, ISO 9650, wanda aka fara fitarwa a 2005, ya raba kwalekwalen tsakiyar teku da na kusa da gaɓa. Namu na tsakiyar teku ne, na rukunin A, wato an yi shi ya huru ko da sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, kuma daɓensa ruɓi biyu ne domin kada sanyin ruwa ya riƙa zuƙe ɗumin jikin wanda ke zaune a kai. Mun kuma zaɓi kayan ciki na wanda ake zaton zai wuce awa 24 kafin agaji ya iso, inda ake sa wa kowane mutum ruwan sha lita ɗaya da rabi da ɗan abinci.

Abin da ya fara sa na amince da shagon shi ne mai sayarwar bai yi ƙoƙarin tura mana mafi tsada ba. Mu biyar ne a jirgin, ni kuwa na so na mutum takwas, domin wurin da ake ware wa mutum ɗaya a ciki bai kai rabin murabba'in mita ba, kuma na yi tunanin sarari zai yi mana daɗi. Ya hana ni, ya bayyana cewa nauyin mutanen da ke ciki, tare da aljihunan da ke cika da ruwa a ƙarƙashinsa, su ne ke hana iska da igiyar ruwa kifar da shi, saboda haka babban kwalekwale da mutane kaɗan ya fi saurin juyewa. Sa'an nan ya kai mu ɗakin aikinsu na baya, inda suke buɗe na mutane domin dubawa, ya nuna mana irin namu a hure. Na shiga ciki, na taɓa bututun iska biyu da ke ɗaya bisa ɗaya, na ga rumfarsa mai ruwan lemo, da wuƙar yanke igiya, da matakin hawa daga cikin ruwa. Wannan matakin ya fi tsanin igiya na tsohon kwalekwalenmu nesa ba kusa ba, domin mutumin da ya jiƙe, ya gaji, ga rigar ceto ta kumbura masa a ƙirji, da ƙyar yake iya jan jikinsa sama ba tare da wurin dafa gwiwa ba.

Inda muka daɗe muna muhawara shi ne wurin ajiya, kuma nan ne na ga amfanin kuɗin da muka biya. Ana sayar da kwalekwalen a cikin jaka mai laushi ko a cikin akwati mai tauri. Jakar ta fi sauƙi da araha, amma ba ta jure rana da ruwan gishiri, sai an ɓoye ta a ma'aji, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin jirgi ya san cewa ma'aji ba ya zama fanko: yau a ɗora igiya, gobe bokiti, jibi jarkar mai, har abin da aka saya domin ranar tsiya ya koma can ƙasa. Ƙa'idojin hukumar World Sailing na tseren tsakiyar teku sun ce a ajiye shi inda za a iya kai shi bakin jirgi ko a jefa shi ruwa cikin daƙiƙa 15, kuma wanda ya wuce kilo 40 a ajiye shi inda za a ja shi ko a tura shi ba sai an ɗaga ba. Namu a akwatinsa ya ɗan haura kilo 40. Na sa mafi ƙarancin ƙarfi a cikinmu ta gwada ɗaga shi a kan gadar tasha, inda ƙasa ba ta motsi, kuma ba ta iya kai shi ƙugu ba.

Da farko na so a ɗaure shi a kan rufin ɗaki, gaban wurin zaman matuƙi, kamar yadda na gani a jirage da yawa. Ma'aikacin da ya zo duba jirgin ya nuna mini cewa a can yana tare wa matuƙi gani, yana ƙarƙashin sandar da ke lilo da filafilai, kuma duk wanda zai kwance shi sai ya rarrafa a saman jirgi a daidai lokacin da igiyar ruwa ke wanke shi. Ya kuma tuna mini labarin Cheeki Rafiki, jirgin da ke komawa Ingila daga Antigua a watan Mayun 2014, wanda ƙarfen nauyin da ke ƙarƙashinsa ya ɓalle a tsakiyar Atlantika, ya kife, mutum huɗu suka rasu. Da sojojin ruwan Amurka suka gano gangar jirgin, sun iske kwalekwalen ceton yana nan a ma'ajinsa, ba a ko taɓa shi ba. Daga ƙarshe masu shagon sun haɗa mana mazaunin ƙarfe a shingen bayan jirgi, inda fil ɗaya kawai za a zare akwatin ya faɗa ruwa da kansa, kuma inda mutum zai iya kaiwa ko da jirgin ya kife.

Sun ƙara mana na'urar Hammar H20, wadda ke yanke ɗaurin da kanta idan ta nutse tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa huɗu, kuma ake canza ta duk shekara biyu. Na yaba da cewa ba su yi mana ƙarin gishiri a kanta ba: sun faɗa mana a fili cewa idan jirgi ya kife yana yawo a saman ruwa, mai yiwuwa na'urar ba za ta kai zurfin da za ta yi aiki ba. Igiyar da ke tayar da hurawa kuwa sun ɗaure ta a wuri mai ƙarfi a jikin jirgin, suka sa kowannenmu ya taɓa ƙullin da hannunsa, domin akwatin da aka jefa ba a ɗaure ba iska ce za ta tafi da shi a rufe.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Nauyin akwatin a can ƙarshen jirgi ya sa bayan ya ɗan ƙara nutsewa, kuma mazaunin ya tare rabin tsanin da muke sauka wanka. Kayan cikin ma ba su kai yadda sunansu ke sa mutum ya zata ba, domin ruwan lita ɗaya da rabi ba komai ba ne idan aka tuna cewa Steven Callahan, wani Ba'amurke da jirginsa ya nutse, ya yi kwana 76 a irin wannan kwalekwale a 1982, a wannan teku. Sai da muka haɗa wata jaka daban mai hana ruwa shiga, muka zuba na'urar aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan adam, da rediyon hannu, da magunguna, da fasfo. Mafi ciwo shi ne kuɗin dubawa, wanda za a riƙa biya duk shekara uku a wurin da kamfanin ya amince da shi kaɗai, kuma ba a yi mana maganarsa ba sai da na tambaya da bakina.

Kafin mu bar shagon, tsohon da ke naɗe kwalekwale a ɗakin aikin ya ja hankalinmu ga tseren jiragen ruwa na Fastnet na 1979, tsakanin Ingila da Ireland, inda mutum 15 daga cikin masu tseren suka mutu, aka bar jirage 24 a teku, amma biyar kaɗai suka nutse, sauran an same su suna yawo bayan guguwar ta wuce. Ya ce kada mu shiga kwalekwalen sai jirgin ya nutse har ya zama hawa za mu yi zuwa cikinsa, ba sauka ba. Mun isa Saint Lucia akwatin yana nan a mazauninsa, gishiri ya yi masa fari, hatiminsa bai motsa ba, kuma na rubuta ranar dubawa ta gaba a bangon teburin taswira.