Wayar gidanmu ta tsufa: abin da ake yi a Faransa da wanda za mu iya yi a Damagaram

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ga bayanin gyaran wutar gida, tun da ka ce za a taɓa ta kafin damina. Na rubuta shi a fili domin tsofaffin gidajen Birni da Zango da Garin Malam duk ciwonsu ɗaya.

Kuran ɗin nan Faransa volt 230 ne, namu 220, kusan abu guda. Wayar jan ƙarfe ma ita ce dai. Inda suka sha gabanmu shi ne ba a ba sabon gida wuta sai hukumar Consuel ta ba da takardar shaida cewa aikin ya bi ƙa'idar sa wayar wuta ta Faransa, NF C 15-100. Tun 2009 kuma, wanda zai sayar da gidan da wayarsa ta haura shekara 15 dole ya kira gwani ya duba ya rubuta rahoto, daga 2017 aka shigo da gidajen haya. Mu tsofaffin gidajenmu ba mai zuwa dubawa, sai mai gida ya zama shi ne mai sa ido.

Kuɗin farko kada su tafi ga soket masu ƙyalli. A sayi diferansiyel, na'urar da ke katse wuta in ta yi yoyo, na miliampa 30, ampa 40 ko 63, a sa shi a tablo, wato akwatin rarraba wutar gida, daf bayan babban disjonkter. Mutane da yawa sun ɗauka disjonkter ɗin da ke gefen kontar yana kare rai. Aikinsa kare waya daga nauyi, in ma yana jin yoyon wuta to sai ya kai wajen miliampa 500, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba yana iya tsayar da zuciya. Shi na 30 yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar wani abu ya bi jikin mutum ya shiga ƙasa, sai ya katse kafin ƙiftawar ido. A nan kowane gida sai da guda biyu aƙalla, kuma ba a ɗora wa ɗaya layi fiye da 8. Gidanmu ko ɗaya aka fara da shi an rage haɗari sosai, musamman lokacin sanyi da ake tsoma hita cikin bokiti, yara kuma ƙafa ba takalmi. Yana da maɓalli mai harafin T: a danna duk wata, in bai faɗi ba ya mutu, a sake shi.

Ga abin da zai faru, ka sani tun yanzu. Ranar da aka sa shi a tsohon gida, zai yi ta faɗuwa. Wani mai gyara zai ce ba shi da kyau, bari a tsallake shi. Kada ka yarda, yoyon da ke gidan tun da daɗewa ne ya tono. A sauke dukan ƙananan disjonkter, a cire duk abin da aka jona, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har a gane layin da ke kayar da shi. Yawanci abu uku ne: wayar da aka binne tsirara cikin bangon laka ta sha damshi, ko wadda ta gogu da kwanon rufi har robarta ta yanke, ko tsohon firigo. In diferansiyel biyu ne kuma, wani lokaci an haɗa shuɗiyar wayar layin wannan da ta layin wancan wuri guda.

Sai wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa. A nan ana son juriyar ƙasa kada ta wuce om 100, kuma ƙasarsu mai laima ce, sanda ɗaya takan isa. Damagaram dutse ne da busasshen yashi, sanda ɗaya a watan Afrilu da wuya ta ba da haka. A kafa sandunan ƙarfe masu rufin jan ƙarfe, tsawon mita 2, guda biyu ko uku, tsakaninsu mita 3 zuwa 4, kusa da makwararar ruwan wanka inda ƙasa ba ta bushewa ƙarau. A haɗa su da jan ƙarfe tsirara mai kaurin 25 mm². Gawayi a ramin yana taimakawa; gishirin da ake zubawa kuwa yana cin ƙarfen, bayan ƴan shekaru sai a tarar ba komi. A auna da rani. Saboda wannan ƙasa tamu ne nake nacewa kan diferansiyel, don shi ko juriyar ta kai om ɗari biyar yana aiki.

Kaurin waya lissafi ne sananne. Fitilu da fanka, 1.5 mm² da disjonkter na ampa 10, iyaka 16. Soket, 2.5 mm² da ampa 16 ko 20. Kilim da injin ɗumama ruwa, kowanne layinsa shi kaɗai na 2.5. Dutsen guga mai wat 2000 yana jan ampa 9. A ƙara masa hita kan siririyar ralonj, roba ta narke. Zafinmu na sama da digiri 40 yana rage abin da waya ke iya ɗauka, don haka in ana shakka a ɗauki mai kauri. Disjonkter da ke yawan faɗuwa ba a musanya shi da babba, layin ake rabawa.

Wurin saye a yi hattara. A nan nadin waya yana ɗauke da tambarin NF, abin da aka rubuta shi ne a ciki. A kasuwanninmu akwai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: in fari ya bayyana, ka ajiye ta. Ba ta da nauyi a hannu, tana karyewa in an lanƙwasa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na aikin jan ƙarfe kawai take yi. Disjonkter masu sunan Legrand ko Schneider ma ana yin jabunsu. Wanda ya yi sakayau a hannu kuma arharsa ta yi yawa, a bar shi.

Murɗa waya biyu a naɗe da salatif shi ne mafarin gobara da yawa: haɗin yana saki, yana ɗumi, ga azara da tabarmar rufi a sama. Kowane haɗi a yi shi da domino, ɗan mahaɗin waya da ake ɗaurewa da sukuru, cikin akwati mai murfi, waya kuma ta bi cikin tiyon roba a saman bango, a daina binne ta cikin laka. Kayan da ake kawowa daga Kano masu ƙafa uku masu kusurwa, a yanke kan a sa mai zagaye irin namu, ya fi a danna shi da ƙarfi ko a cusa waya tsirara a tokare da tsinken ashana.

Gurup da sola su shiga gida ta makunnin juyi mai matsayi uku, ba ta soket ba, domin wutar tana komawa kan layi ta kashe ma'aikacin NIGELEC da ke kan falwaya yana zaton an ɗauke. Mai gyaran da zai zo, ka tsaya a kansa ya sauke babban disjonkter, ya kashe gurup, ya gwada kowace waya da na'urar awo kafin ya kai hannu.